Sallar da Anka Yi wa Jelani

Fura na ɗauko zan kai wa ƙanena Jelani, cikin ƙaramar ƙwarya, na rufe da faifai. Rana ta yi ja tana shirin faɗawa bayan gulbi. Bazara ce, an gama cirar albasa an zuba a rudu, rumfar ajiyarta, gari duk ya ɗauki warinta, ƙasa kuwa har lokacin tana cin tafin ƙafa. Na bi ta bayan masallaci, na wuce rijiyar tsakar gari, na miƙe hanyar da ke fita bayan gari. Mata na ta koro awaki gida. Wata ta ce mani, "Uwaliya, ina zuwa da magariba haka?" Na ce Ɗakin Taro. Sai ta ja akuyarta ta shige gida.

Can na san zan same shi. Amma sai na faɗa muku yadda anka yi ginin nan tukuna, in ba haka ba ba za ku gane abin da ke kai magidanci kwanciya cikin zauren da ba kowa ba.

Garinmu, Tungar Kyauta, tsakanin Wurno da Goronyo shike, kuma ba wani gari ba ne. Manoman gero da albasa ne, sai 'yan masunta a bakin ruwa. Ana saura 'yan shekaru Turawa su tashi, wani Bature mai rangadi ya sauka, ya dubi inuwar da dattawanmu ke zama su yi shawara, ya girgiza kai. Ya ce a gina ɗakin taro, inda za a riƙa zama, a nuna majigi, a yi wasan kwaikwayo, don a wayar mana da kai. Mu dai ba mu kai mai ƙarar kawunanmu ba.

Kowace unguwa ta ba da mazanta. Jelani ya taka kwaɓi har dugadugainai sunka tsage, ni kuwa na ɗebi ruwa daga gulbi har wuyana ya sanƙare. Anka sassare giginyu don azara, anka ɗauko magina daga Wurno. Mutanen kirki ne, masu hannu, sai dai babban gini guda sunka sani a duniya, shi ne masallaci. Da anka ce masu a yi zaure mai ɗaukar gari duka, da dakali a ƙurya inda masu wasa za su tsaya, sai sunka duba alƙibla yadda sunka saba, sunka sa dakalin gabas. Ba wanda ya ga aibin haka. Duk wanda ya shiga ya zauna kallo, gabas shike fuskanta.

Ginin ya yi kyau, ba zan yi mai ƙarya ba. Rufin baka ne mai tsawo, daɓe sumul, da 'yan tagogi can sama kusa da azara. Amma ba na kowa ba ne. Ba a taɓa hura wuta cikinai ba, ba wanda ya taɓa kwana, ba jaririn da ya taɓa kuka ciki. Ko sallama ba a yi in za a shiga, don wa zai amsa? Anka yi taro biyu ko uku, majigi ta zo sau guda ta koya mana wanke hannu, mu da ke alwala tun muna ƙanana. Sauran kwanaki ɗakin na nan baki buɗe. Tsofaffi sun ce wuri irin wanga ba ya rasa masu shiga, samari sunka yi masu dariya.

Jelani na cikin masu dariyar. Ni na goye shi, don uwarmu ta rasu bai iya tafiya ba, saboda haka na san shi ciki da waje. Ɗan banzan barkwanci ne da shi. Zai kwaikwayi tafiyar hakimi, shi kwaikwayi tarin ladan, shi kwaikwaye ni ina masifa har ni kaina in yi dariya ina zaginai. Yana da mata, Sa'adiyya, yarinya mai haƙuri, da fadamar albasa da ya fi kowa iya ba ta ruwa da jigo.

Sai anka turo mana malamin yaƙi da jahilci daga Rabah, Malam Abdulƙadiri. Saurayi ne mai tsabta, kuma ba mugu ba ne, ban taɓa cewa mugu ne ba. Ya ce Bature zai dawo rangadi, za a yi mai wasa kan lamba, wato rigakafin cutar agana. Labarin wani mai taurin kai ne da ya ga 'yan lamba ya ɓuya cikin rumbu, agana ta kama shi, ya mutu, anka kawo gawatai. Ana gamawa sai gawar ta tashi zaune ta ce wa jama'a su je a yi masu lamba, kowa shi yi dariya shi watse. Wa zai zama mai taurin kan? Gari duka ya ce Jelani.

To, mu ba a taɓa irin wanga wasa a garinmu ba. Ba mu san ana haɗa kayan ƙarya don wasa ba. Da Malam Abdulƙadiri ya ce a nemo makara, sai anka ɗauko makarar masallaci. Da ya ce likkafani, sai anka yanko sabon alawayyo, anka ɗinke shi yadda ake ɗinkawa, har da ƙyallen da ake ɗaure manyan yatsun ƙafa. Da ya ce liman, sai anka je anka roƙi Malam Gidaɗo, tsohon da ya sallaci kusan duk wanda ke kwance a maƙabartarmu.

Tsohon ya ce, "Ni mi za ni yi cikin wasan yara?"

Malam Abdulƙadiri ya ce, "Baba, tsayawa kawai za ku yi, ku ɗaga hannu, shi ke nan. Taimakon jama'a ne."

Ranar wasa, bayan la'asar, ɗaki ya cika har ƙofa. Maza na gaba, mu mata muna can baya jikin bango, Bature na gefe kan kujera shina fifita da hulatai. Jelani ya ba mutane dariya har da masu hawaye. Ya shiga rumbun kara, ya fito shina sosa jiki, ya faɗi shina shure-shure. Can sai ga samari huɗu sun fito da makara, sunka aje ta kan dakali, sunka kwantar da shi gefen dama, fuskatai na gabas.

Dariya ta ragu da kanta. Farin ƙyallen nan bai yi kama da wasa ba.

Malam Gidaɗo ya taka a hankali ya tsaya bayan makara. Ya ɗaga hannu. Ya ce, "Allahu Akbar."

Sai na ga maza suna miƙewa. Ba wanda ya ce su tashi. Ga liman, ga gawa, ga alƙibla, jikinsu ne ya yi abin da ya saba. Kafin ka ce mi, sahu ya ɗauru tun daga dakali har kusa da mu. Malam Abdulƙadiri na ta yi masu hannu su zauna, ba wanda ya dube shi. Kabbara ta biyu ta zo, ta uku ta biyo.

A ta huɗu na ji abin. Ni ce ƙarshen baya, bayana na jingine da bango. Amma da jama'a sunka amsa kabbara, na ji an amsa daga bayana, daga cikin bangon, daga sama wajen azara, murya mai yawa, ƙasa-ƙasa. Waɗanda sunka amsa sun fi mutanen garinmu yawa nesa ba kusa ba. Gashin jikina ya tashi. Na dubi matar da ke kusa da ni, na ga ta riƙe bakinta.

Liman ya sallame. Anka tsaya jiran gawa ta tashi.

Ba ta tashi ba. Sai da Malam Abdulƙadiri ya je ya zungure shi, ya sake zungura, sannan Jelani ya tashi zaune a hankali, ya ja ƙyallen daga fuskatai. Ya manta maganar da zai faɗa. Ya dubi jama'a ya ce, "Akwai sanyi ciki." Mutane sunka ɗauka cikin wasan ne, sunka fashe da dariya. Bature ya tafa, ya ce bai taɓa ganin wasa mai kama da gaske irin wanga ba, washegari ya hau dokinai ya wuce Goronyo.

Daga ranar ƙanena ya fara ficewa daga hannunmu.

Abinci ya fara bari. Sannan barkwanci. Sannan fadama, har albasatai ta nuna wasu sunka cire mai. Amma abin da ya fi ci mani rai ba shi ba ne, mutanen gari ne. Zai yi sallama a majalisa, a ci gaba da hira, sai ya maimaita sannan wani shi zabura shi ce, "Af, Jelani, kana nan?" In anka zuba tuwon maza a gidansu, sai a tarar an manta da hannunai. Wata tsohuwa ta gamu da Sa'adiyya a bakin rijiya ta ce mata, "Ya anka ji da haƙuri?" sannan ta dafe ƙirji tana istigfari, ta ce ba ta san inda maganar ta fito ba. Ita kanta Sa'adiyya ta zo mani da kuka, ta ce ta wayi gari ta tarar ta tsefe kanta ta cire awarwaro, awa mai takaba, kuma ba ta tuna lokacin da ta yi ba.

Na ɗauki mayafina na tafi zauren Malam Gidaɗo, ko gaisuwar kirki ban tsaya yi ba. Na ce, "Baba Malam, mi kunka yi wa ƙanena?"

Ya dubi buzunai. Sannan ya ce, "Ɗiyata, ni ban iya kabbarar wasa ba. Da na ɗaga hannu niyya ta zo da kanta. Na roƙa mai gafara yadda nike roƙa wa kowa."

"To ku kwance ta."

"Da mi? Ban taɓa karanta inda anka kwance sallah ba."

Hawaye na bin gemunai. Ya ba da rubutu, anka sha. Anka kai Jelani Wurno wurin manyan malamai, anka yi hayaƙi, anka yi sadakar waina. Duk a banza. Kullum rana ta karkata sai shi tashi, ko da an sa maza sun tsare ƙofa, a duba a ga ba shi. A je Ɗakin Taro a same shi kwance kan dakali, gefen dama, fuska gabas. Da farko ana zuwa a ɗauko shi. Daga baya sai anka fara mantawa da a je. Ni kaɗai ban manta ba, don ba a manta wanda anka goya.

Na taɓa tambayar shi, "Jelani, don Allah mi kake nema can?"

Ya ce, "Yaya, jira suke. An yi sallah ba a kai ba."

Shi ya sa ranar nan na ɗauko fura. Na ce ko kurɓi guda ne in ɗura mai, in jawo shi gida kafin duhu.

Da na bar gidan ƙarshe sai hanya ta yi shiru. Ba kukan akuya, ba muryar yaro. Ɗakin Taro na tsaye shi kaɗai a fili, hasken rana na ƙarshe ya rina bangon yamma. Tsuntsayen da ke kwana jikin indararo ba ko guda.

A bakin ƙofa warin albasa ya yanke. Wani wari ya tare ni, na jiƙaƙƙiyar ƙasa, irin wadda anka tono daga zurfi. A bazara, ko ɗigon ruwa ba a yi ba. Ƙarƙashinai kuma akwai ƙamshin ganyen magarya, wanda ake wankan gawa da shi.

Sai na ji sara.

Dum. Shiru. Dum.

Dagi ne ke shiga ƙasa mai laushi, can ƙurya wajen dakali.

Na leƙa. Idona bai saba da duhun ba, tagogin sama kaɗai ke zubo ɗan jan haske. Na ga fari-fari. Na ɗauka bango ne anka shafe da farar ƙasa. Sai farin ya motsa.

Riguna ne. Sahu-sahu, daga dakali har kusa da ƙofa. Dogaye ne, na bayan kawunansu sun shige duhun rufi. Bayansu kaɗai nike gani, kuma har yau ina gode wa Allah da haka. Ɗaki cike, amma ba numfashi ko guda.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Abin da ba wanda ya taɓa yi a ƙofar nan, shi na yi. Na ce, "Salamu alaikum."

Ɗakin duka ya amsa, da raɗa.

"Wa alaikumus salam."

Ƙwaryar ta suɓuce mani. Fura ta malale kan daɓe, ban ji ƙarar faɗuwarta ba.

Na hango shi tsakanin kafaɗunsu. Shina kwance bisa makara kan dakali, cikin farin ƙyalle, fuska kaɗai a buɗe. Ƙirjinai na ɗagawa kaɗan-kaɗan. Da rai shike.

Na shiga. Kada ku ce jarunta ce, fitsari na neman kufce mani. Akwai 'yar hanya tsakanin sahu da bango, na bi ta ina dafa gini. Duk wanda na wuce sai in ji sanyi ya bugi gefen jikina, irin na bakin randa.

Dum. Dum.

Gab da dakali wata murya ta yi magana, daga sama da kaina. Ba faɗa cikinta. Da ladabi ma ta yi maganar, kuma shi ne abin da ya fi ba ni tsoro.

"Baiwar Allah, koma. Mata ba su raka gawa."

Na ce, "Ba gawa ba ne. Ƙanena ne."

"An sallace shi. Mun bi sahu."

"Wasa ne anka yi."

Mai saran ya dakata.

"Ba mu ga wasa ba. Liman ya yi niyya, jama'a sun amsa, sannan kunka watse kunka bar shi kan hanya. Haƙƙinai ne a kai shi. Mun jira ku, ba ku zo ba."

Dagin ya ci gaba.

Na kai hannu na taɓa ƙafar Jelani. Sanyi ƙalau. Manyan yatsun an ɗaure su tam. Na ja ƙullin da farce, na sa haƙori, ya ƙi.

Riguna huɗu sunka fito daga sahu, sunka nufo kusurwoyin makara.

Sai ladan ya ɗaga murya daga cikin gari. Nesa, siririya, da tarin nan nasa a tsakiya.

Saran ya tsaya cak. Huɗun nan sunka koma. Na ji shasshawar tufafi ko'ina, ana gyara sahu. Wani can gaba ya tada iƙama da raɗa.

Sallah za su yi. Ashe masu sallah ne.

Na gane iyakar abin da nike da shi ke nan, tsawon magaribarsu. Na juya baya, na jawo hannuwan Jelani bisa kafaɗuna, na saɓa shi. Ya rame har ba shi da nauyin kirki. Na ɗaure shi da mayafina yadda na saba tun shina jinjiri.

Sunka yi ruku'u. Na fara tafiya.

Daɓen da na sani mai tauri ya koma laushi. Ƙafata na nutsewa har idon sawu. Ina cirewa, ina sakawa.

Sunka yi sujada. Fararen bayuna ko'ina, har bango.

Nauyinai ya fara ƙaruwa. A tsakiyar ɗaki ya kai buhun gero. Gaba kaɗan gwiwoyina sunka fara lanƙwashewa. Na ciji leɓe har na ji gishirin jini.

Sunka tashi. Sunka sake duƙawa.

Ƙofa na gabana, da ɗan sauran haske cikinta. Ina jin warin albasa daga waje. Ban taɓa son warin nan ba irin ranar.

Sunka zauna tahiyar ƙarshe.

Na sa ƙafar dama waje. Sai na ji mun tsaya.

Ba su ne sunka riƙe mu ba. Shi ne. Ya fiddo hannuwanai daga cikin ƙyalle ya dafe gefen ƙofa, dama da hagu.

Ya sa baki a kunnena. "Yaya, sauke ni."

"Saki ƙofar nan, don uwarka."

"Na gaji, Yaya. Waje ba mai ganina. Ko Sa'adiyya in ta dube ni, bango take gani."

"Ni ina ganin ka."

"Ke kaɗai. Kuma jiya kin kira ni, sai da kinka tsaya neman sunana."

Gaskiya ya faɗa.

"Kina tsai da mutane," in ji shi. "Ki yafe mani."

Bayanmu, ɗakin duka ya juya kai dama.

"Assalamu alaikum."

Nauyin ya ɓace daga bayana gaba ɗaya. Na tafi da fuska, na faɗi rabi waje rabi ciki. Wani abu mai sanyi ya kama ƙafata ta hagu, wadda ta rage cikin ɗaki. Bai ja ni ba. Ɗaga ta ya yi a hankali, ya fitar da ita waje, ya aje, yadda ake fitar da takalmin da anka manta cikin masallaci.

Na rarrafa. Na tashi na faɗi, na sake tashi. Ban waiwaya ba. Mayafina na ɗaure a ƙirjina har lokacin, ƙullin bai kwance ba, ba kowa ciki.

Na iske maza suna fitowa daga masallaci. Na faɗi gabansu ina kiran sunanai, sai na ga suna duban juna, kafin wani shi ce, "Wane Jelani?" Sai da Malam Gidaɗo ya daka masu tsawa sannan hankalinsu ya dawo. Anka kunna fitilu anka tafi.

Ba kowa cikin ɗakin. Makara na jingine da bango, an kakkaɓe ta tsaf. Gaban dakali kuwa daɓen ya ɗan tasa, tsawon mutum, an lailaye shi da hannu an yayyafa ruwa. Sunka sa dagi da galma sunka tona har ramin ya shanye mai tonon. Busasshiyar ƙasa sunka yi ta fiddawa, ko zare guda na alawayyo ba su samu ba.

Da safe dangi sunka ce a yi mai sallah ko ba gawa. Malam Gidaɗo ya ce an riga an yi, ba zai maimaita ba. Bai sake jan sallar kowa ba har ya koma ga Allah a damanar shekarar. Malamai sunka yi ta gardama kan takabar Sa'adiyya, wasu sun ce daga ranar wasa za ta fara lissafi, wasu daga ranar da ya ɓace, wasu sun ce ba ta da takaba tunda ba wanda ya ga gawa. Ta zauna shekaru, ba matar aure ba, ba bazawara ba, kafin alƙali shi raba auren, danginta su maida ta Shinaka. Malam Abdulƙadiri ya nemi a canza mai gari, anka canza mai.

Ɗakin Taro bai ƙara ganin taro ba. Ba a yi mai yaɓe ba, damana biyu rufin ya rufta. Turawa sunka tashi, anka yi ta kiɗe-kiɗen mulkin kai a wasu garuruwa, mu dattawanmu sunka koma inuwarsu ta da. Bangon na nan har yanzu, ya zaizaye ya koma tudu. Ba mai ɗibar ƙasar wurin ko don liƙe murhu. Ƙafata ta hagu kuwa, ga ta nan, ku taɓa ku ji. Ko a tsakiyar bazara ba ta ɗumi.

Mutane sun saba cewa "Allah shi jiƙan Jelani" in hira ta biyo ta kainai. Ni ban taɓa amsawa ba. Sai in ɗaure fuska in ce wa ya ga gawatai? An yi ta cewa Uwaliya ta cika taurin kai, na ce a faɗa. Muddin ban amsa ba, a wurina dai akwai mutum guda da bai binne shi ba.

Shekaranjiya jikata na yi mani tsifa a tsakar gida, ta ce in ba ta labarin ƙanen nan nawa mai ban dariya. Na ba ta na tafiyar hakimi, na ba ta na tarin ladan. Na nemi fuskatai in kwatanta mata, na nema, na nema, ban same ta ba. Yarinyar ta ce, "Allah shi jiƙan shi, Kaka."

Sai na ji bakina ya ce amin.